Ƙafar jirgi mai naɗewa: kafin ka sa wuƙa a fiffikenka

"Salamu alaikum Yaya, da fatan an yini lafiya, ya sanyi. Ƙaninka ne daga wani ƙauye a gefen Jahun. Na haɗa jirgi mai rimot da farin soson nan na cikin kwalin firij, fiffikensa a ƙasa yake, tsawonsa baki da baki santimita 130, faɗi 22, na ɗora shi a sikeli ya ba ni kilo 1 da giram 100 har da batir 3S 2200. Rimot ɗina FlySky i6 ne. Yana tashi lafiya lau alhamdulillah, sai dai ƙafafun a kafe suke, ni kuma so nake in ya tashi ya naɗe su ciki kamar Tucano na sojan sama. Ina da ƙananan sarbo masu giram 9 guda uku, za su yi min? A filin ƙwallon firamaren garinmu nake tashinsa. Dan Allah a ɗora ni a hanya."

Wa'alaikumus salam ƙanina, sanyi lokacinsa ne. Allah ya yi albarka, mutum ya ɗauki soson kwalin firij ya mai da shi abin da ke tashi sama kuma ya sauko lafiya ai ba ƙaramin abu ba ne, da yawa namu na farko ko minti ɗaya ba su yi a sama ba. Abin da kake nema shi ne ƙafa uku irin na Super Tucano, waɗanda Najeriya ta karɓi guda 12 a 2021, biyu a ƙarƙashin fiffike suna naɗewa ciki wajen gangar jiki, ɗaya a hanci tana komawa baya, kuma kana so ka yi da kayan da ke hannunka. Toh bari in fara da abin da ba za ka so ji ba, waɗannan sarbo naka, wato ƙananan motocin da ke motsa sassan jirgi in ka murza rimot, in ka ɗaura musu ƙafa kai tsaye saukar farko za su karye. Jirgin kuma zai iya ɗaukar ƙafa mai naɗewa amma ba a wannan fiffiken da kake tashi da shi yanzu ba, sabon fiffike za ka yanka musamman dan wannan aikin, wancan ka ajiye shi yadda yake. Zan gaya maka dalili.

Hannu daban, sakata daban

Kalli ƙyauren ɗakinku. Hannunka ne yake tura shi ya rufu, amma ba hannunka ke kwana yana riƙe da shi ba, sakata ce. Ƙafar jirgi ma haka take, akwai abin da ke motsa ta akwai kuma abin da ke kulle ta in ta miƙe, duk dukan da ƙasa za ta yi wa taya a kan makullin yake sauka, daga nan ya wuce jikin jirgi. Sarbo ɗan giram 9 ƙarfinsa bai kai kilo 2 a santimita ɗaya ba, haƙoransa kuma roba ne. Ƙafarka za ta kai santimita 11, kaga in taya ta daki ɗan tudu da ƙarfin kilo 2 kacal abin da zai isa gindin ƙafar ya zama 22, irin yadda bakanike yake zura faif a sifana in noti ya ƙi kwancuwa, tsawon ne yake ninka ƙarfin. Haƙoran roba ba sa jure wannan, gurrr za ka ji shikenan. Kuma ko bai karye ba sarbo na yau da kullum ba shi da hutu, in an danne shi yana ta kokawa yana shan wuta har ya yi zafi.

Masu wannan harka iri uku suke amfani da su. Akwai na sanda, wato ƙafar tana da makullinta a ciki sai sarbo guda ɗaya na musamman a tsakiyar fiffike mai juyawa kusan digiri 180 ya tura sanduna biyu, shi ne tsohon yayi kuma saita tsawon sandunan nan sai mai haƙuri, milimita ɗaya ta ragu makulli ba zai shiga ba. Akwai na iska irin na kamfanin Robart, da ɗan tanki da ake bugawa iska har matsinta ya kai wajen fam 100 da siraran tiyo, wannan na manyan jirage ne, a nan wajenmu in tiyo ya fara yoyo ina za ka samo wani, manta da shi kawai. Sai na lantarki wanda ɗan motonsa da zarensa, wato dogon sukurun da moton ke juyawa, da makullinsa duk suna cikin akwati ɗaya, waya uku gare shi kamar sarbo, ka soka a risiba, ɗan akwatin da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgi, ka gama. Shi nake ba ka shawara. Ka nemi ƙanana masu ɗaukar waya mai kaurin milimita 3, nauyin kowanne wajen giram 25 zuwa 30, biyu na fiffike masu buɗewa digiri 90 ɗaya na hanci mai sitiyari. In za ka yi oda ka tabbata ɗan guntun da ƙafar ke shiga cikinsa na ƙarfe ne ba roba ba, ka ƙara guda ɗaya na ajiya in aljihu ya yarda dan jiran wata odar sai ya cinye maka rani guda. Sarbo ɗinka ba su yi asara ba, ɗaya zai yi maka sitiyarin hanci.

Nauyi kuwa mu yi lissafi a fili. Ƙafa uku, katakon zamansu, gam, wayoyi, sarbon sitiyari da ɗan abin ba da wuta da zan yi maganarsa a gaba, in ka cire tsohuwar ƙafar da za ka yar, za ka ƙara tsakanin giram 130 zuwa 150. Jirginka ya tashi daga 1100 ya koma kamar 1250 kenan, gudun da yake buƙata kafin fiffike ya riƙe shi zai ƙaru da wajen kashi 7 cikin ɗari. Ba wani abin tsoro ba ne amma za ka ji shi a hannu, saukar da ka saba yi a hankali kamar shirwa yanzu sai ka shigo da ɗan sauri. Kuma gaskiya a irin gudun jiragenmu abin da za ka samu na ƙarin gudu dan ka ɓoye taya kaɗan ne, dan kyau ake yi, dan wannan lokacin da jirgi zai wuce ta gabanka cikinsa fes yara su ɗau ihu. Ni ma dan shi na yi, ba laifi ba ne.

Inda aikin yake

Akwatin ƙafar sukuru huɗu ne kawai, minti biyar ka ɗaura. Wurin da zai zauna shi ne aikin, kuma nan ne na sha kashi. Na farko da na yi jirgi ne kusan girman naka, na yanko ɗan falawud daidai girman akwatin na ƙwaƙule soso na liƙa da gam ɗin kyandir ina ta murna, a ɗaki na gwada ya fi sau talatin yana shiga yana fita. Ranar da na kai shi fili ya tashi ya naɗe ƙafa abin sha'awa, da na zo sauka tayar dama ta taɓa wani ɗan gindin ciyawa, wallahi ƙafar da akwatin da katakon gaba ɗaya suka fito da dunƙulen soso manne a jiki kamar an cire haƙori, jirgin ya juya ya karya farfela. Akwatin ko ƙwarzane bai yi ba. Soso ba ya riƙe ƙarfi a wuri ɗaya, sai an baza masa.

Toh ga abin da ya sa na ce sabon fiffike. Wurin daidaiton nauyin jirginka, inda in ka ɗora shi a kan yatsu biyu yake tsayawa, a fiffike mai faɗin santimita 22 yana wajen 6 zuwa 6 da rabi daga gaba. Mai ƙafa uku dole manyan tayoyinsa su zauna kaɗan a bayan wannan wurin, santimita 2 zuwa 3, wato kusan 9 daga gaba. In suka yi gaba da yawa jirgi zai zauna a kan wutsiya, in suka yi baya da yawa hanci zai yi nauyi ya ƙi ɗagowa sai ya ci rabin fili sannan ya fizgo sama lokaci ɗaya. Yanzu ɗauki taya mai faɗin milimita 50 ka kwantar da ita a nan, raminta zai fara daga santimita 6 har zuwa 12. Ina azarar fiffikenka take, goran nan ko sandar kabon da ka binne a ciki? Na tabbata a daidai 6 ko 7 take dan nan ne wuri mafi kauri kowa nan yake sawa. Kaga ramin taya zai yanke ta, fiffiken da aka yanke wa azara kuwa a sama zai naɗe, ba ƙafa kaɗai ba. A sabon sai ka sa azara biyu, ɗaya a santimita 5 ɗaya a 13, ramin ya zauna a tsakaninsu.

Kauri ma ka duba. Fiffike mai siffar da ake kira Clark Y, ƙasansa a shimfiɗe samansa a lanƙwashe, kaurinsa kusan kashi 12 cikin ɗari na faɗinsa ne, in naka irinsa ne zai ba da milimita 26 a wuri mafi kauri kuma yana raguwa in ka yi baya. Akwatin da taya za su cinye kusan duka. Dan haka ka ƙara wa gindin fiffiken kauri ya kai 30 zuwa 32, ka nemi siririyar taya, in ma ta ɗan leƙo waje da milimita biyu uku ba wanda zai gani daga ƙasa. Abin da bai kamata ba shi ne ka ƙwaƙule har fatar sama ta zama kamar takarda.

Katakon zama ka yi shi babba, kamar santimita 8 da 10, ya taɓa azarar gaba ya taɓa ta baya a liƙe da su, sannan ka yanka wasu guntaye biyu ka soke su a tsaye cikin soson a gefe da gefen akwatin kamar haƙarƙari, su ma a liƙe da katakon da azarori. Da haka in taya ta sha duka fiffike gaba ɗaya ne ya sha. Falawud ɗin kasuwa mai milimita 3 cikinsa laushi gare shi sukuru ba ya kama shi sosai, abin da nake yi shi ne in je wajen masu gyaran talabijin ko inbata in karɓi mataccen fanel, koren nan mai zare-zare a ciki ba ruwan ƙasa mai karyewa ba, in kankare kayan kansa in liƙa shi a kan falawud ɗin, wannan haɗin ko ka taka ba ya komai. Gam kuma A da B, mai jinkirin bushewa ya fi mai minti huɗu dan yana samun lokacin shiga katako. Sufa gulu da gam ɗin masu takalmi cinye farin soso suke yi ka gani da idonka yana narkewa, na kyandir kuma ranar watan Afrilu kaɗai ta ishe shi ya saki. Sai dai in ka huda ramin sukuru a katako ka ɗiga sufa gulu ɗigo ɗaya a ciki ya bushe, yana ƙara wa zaren ƙarfi, ka dai kula kar ya gangara kan soso.

Wani abu da mutane ba sa lura, katakon ya zama a shimfiɗe sumul. In yana da ɗan murɗe ka ɗaure sukuru huɗun tamau, akwatin zai murɗe tare da shi ƙafa ta riƙa tsayawa a rabin hanya kai kana zagin kaya. Ka ɗaure a hankali kusurwa da kusurwa, kana ɗaurewa kana gwadawa.

Nisan akwatin daga tsakiya tsawon ƙafa ne yake yanke shi, tsawon ƙafa kuma farfela. Ba ka faɗi girman taka ba, na ɗauka inci 10 ce, rabinta santimita 12.7, ka bar mata aƙalla 4 tsakaninta da ƙasa saboda filinka ba kwalta ba ne. Da wannan ƙafar ta kama wajen 11 daga mahaɗa zuwa tsakiyar taya, ƙara rabin taya 2 da rabi, ƙara 1 da rabi da za ka bari a tsakiya kar ramuka biyun su haɗe, mahaɗar kowace ƙafa ta faɗo santimita 15 daga tsakiyar jirgi. Ka zana duk wannan a kwali ka yanka ka juya da hannu kafin ka taɓa soso. Ramin taya ka ba shi sarari milimita 4 ko 5 ko ta ina.

Ƙarfen ƙafar asali wayar fiyano ake sawa mai tsalle ta dawo. In ba ka samu ba sifok ɗin babur yana yi, na yi amfani da shi, sai dai shi in ya lanƙwashe ba ya dawowa, kullum bayan sauka sai ka duba ka miƙe shi da filaya in ba haka ba taya za ta shiga rami ta maƙale. Inda ɗan sukurun nan marar kai yake danne wayar ka goge wurin da magagari ya yi fili, in ka bar shi a zagaye ƙafar za ta juya taya ta kalli gefe. Ka ɗiga wa sukurun shuɗin Loctite kaɗan, gam ɗin nan mai hana sukuru kwancewa, kar ya taɓa roba dan yana fasa ta. Tayoyin biyu su ɗan kalli juna ta gaba, digiri 1 ko 2, yana sa jirgi ya miƙe a gudu.

Ta hanci ita ce mai rigima. In ta koma baya batir ɗinka ne a hanyarta, sai ka ɗaga shi sama a kan ɗan bene, kuma nauyinta yana komawa baya tare da ita dan haka ka auna daidaito ƙafa a naɗe, ka sake aunawa a miƙe, wanda za ka yi aiki da shi na naɗe ne tunda a haka yake tashi. Sitiyarin da zare biyu ake ja daga sarbo, in ƙafa ta miƙe su yi tauri in ta naɗe su saki, ka sa musu ɗan roba mai janye su gefe kar su sarƙe taya. Wani zai ce ka haƙura da hanci ka yi ƙafa biyu da ƙaramar taya a wutsiya irin na Mustang, tsohon jirgin yaƙin Amurka, ya fi sauƙi kuma ya fi rashin nauyi gaskiya ne, amma a rairayi irin wannan kifawa yake da hanci, kuma ba Tucano ba ne.

Wuta da rimot

A rimot ɗinka i6 kowane aiki da layinsa da ake kira canel, canel 1 zuwa 4 sun tafi a fiffike, wutsiya, gudun moto da rada wato sitiyarin wutsiya, ƙafa a canel 5 za ta zauna. Yadda yake zuwa daga kamfani canel 5 yana kan abin murɗawa VrA, sai ka shiga Aux. channels ka mai da shi kan makunni SwA. Ƙafa ukun ka haɗa su da waya mai rassa su shiga rami ɗaya na risiba, sarbon sitiyari kuma ya raba canel 4 da rada. In ka taɓa makunni suka ƙi motsi duba End points, su kai 100 ko su ɗan wuce.

Ga wurin da yake kashe jirgi. Wutar da risiba da duk sarbo suke sha daga ESC take fitowa, wato abin da ke sarrafa gudun moto, ƙanana da yawa amfiya 2 ko 3 suke bayarwa. Ranar da ƙafa ta maƙale motonta zai ja wuta sosai kafin ya yanke kansa, wutar ta faɗi, risiba ta ɗauke na ɗan lokaci, kai kana ƙasa kana murza sanda ba amsa. Maganinsa UBEC, ɗan abin ba da wuta na daban da na ce zan yi maganarsa, mai bolt 5 amfiya 3, ɗan abu ne bai fi babban yatsa ba, ka jona shi a batir. Jar wayar da ta taso daga risiba zuwa rassan ƙafafu ka zare ta ka naɗe da tef, ka ba ƙafafun ja daga UBEC, baƙaƙen wayoyi kuma duka a haɗe, wayar sigina ka bar ta yadda take. Kowa da rijiyarsa kenan, ƙafa ta maƙale ta maƙale ita kaɗai. Kuma kullum rimot ake fara kunnawa, ka duba makunnin yana kan ƙafa a miƙe, jirgi a hannu ko a kan kwali ba a kan tayoyinsa ba sannan ka jona batir.

Sai ƙasarmu. Sunan jihar Jigawa ma ai daga jigawa ya samo, rairayi ne ko ina, zaren da ke cikin akwatin nan kuma siriri ne ƙwayar yashi ɗaya tana tsayar da shi. Kar ka kuskura ka sa masa giris ko baƙin mai, da ƙurar hunturu za su haɗu su zama kamar takardar goge katako. Ni bakin fensir nake gogawa ya zama gari in busa a ciki, bayan kowane tashi in bi da tsohon buroshin haƙori da famfon keke. Ƙarangiya da tsidau ma suna maƙalewa a taya su hana ta shiga rami. Filin ƙwallo wajen raga duk ya zama gari, nemi gefen da ya daskare ka share, ko masussuka in akwai babba kusa, ko ka ɗinke buhunan taki mita 15 zuwa 20 ka kafe da ƙusa, shi muke yi kuma yana aiki. Ranar da moto ya mutu maka a kan gona mai kunya kar ka fito da ƙafa, sauke shi a kan cikinsa, ƙwarzanen soso ya fi sauƙin gyara.

Tunda kamannin jirgin soja kake so ka ba shi, ka sanar da dagaci da 'yan sandan yankinku kafin wani ya gani ya ɗauka wani abu ne, kuma kar ka je da shi ko kusa da filin jirgin Dutse.

Duk lissafin nan a kan awon da ka ba ni na yi shi, ban riƙe jirgin a hannu ba, kuma mafi girman da na taɓa sa wa irin wannan ƙafa bai wuce kilo 2 da rabi ba, in ka tashi yin babba mai injin fetur maganar za ta canza. Kafin ka tashi ka gwada shiga da fita sau 20 a gida, wasu jirgi a kife wasu a daidai, wasu kana girgiza shi. Tashin farko bayan asuba kafin iska ta taso, ka bar ƙafa a miƙe har ka sauka dan hannunka ya saba da sabon nauyin. Na biyu ka hau sama sosai ka naɗe, ka ga ko hanci ya ɗaga, ka fito da su tun batir bai yi rabi ba ka wuce ƙasa-ƙasa ta gabanka ka ƙirga taya uku da idonka sannan ka juyo sauka. Ka auno min kaurin gindin fiffiken da girman farfelar da kake sawa, in duba ko santimita 11 ɗin nan za ta tsaya ko sai mun ƙara.